Kafin a tilasta wa matasa shiga soja, mu duba abin da 'yan hidimar ƙasa ke fita da shi

Tun bayan harin da Lakurawa suka kai garin Mera na ƙaramar hukumar Augie a watan Nuwamban 2024, akwai maganar da nake yawan ji a teburin mai shayi daga Argungu har Birnin Kebbi: gwamnati ta tilasta wa kowane matashi yin aikin soja na shekara ɗaya ko biyu. Masu wannan ra'ayi sun ce riba biyu ce. Ƙasa za ta samu masu tsaron ta, matashi kuma zai fito da tarbiyya da sana'ar da zai ci abinci da ita.

Zancen tsaro na bar wa masanansa. Ribar ta biyu nake son mu auna, domin a nan ne ake yawan ɗora buri fiye da kima.

Najeriya ba ta da dokar tilasta shiga soja, amma tana da abin da ya yi kama da ita. A ranar 22 ga Mayun 1973 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Hukumar Yi wa Ƙasa Hidima, NYSC, shekara uku bayan ƙarshen yaƙin basasa. Duk wanda ya gama digiri ko babbar difloma bai haura shekara 30 ba, dole ya ba ƙasa shekara guda. Mako uku na farko a sansani ake yin su, a hannun sojoji. A jiharmu sansanin yana Dakingari.

Ni ma na saka wannan kakin bayan na gama babbar difloma. Begilar asuba ta koya mini cika lokaci. Kwana a ɗaki ɗaya da Ibo da Tibi da Bayarabe ya koya mini zama da wanda ba mu haɗa harshe ko addini ba. Tsayawa gaban aji a makarantar da aka tura ni ya cire mini tsoron magana a gaban jama'a, kuma har gobe ina cin moriyar hakan a aikin jarida. Waɗannan abubuwa ne masu daraja, sai dai babu mai ɗaukar aiki da zai ba ka albashi saboda ka iya fareti. Abin da zai tambaye ka shi ne me hannunka ya iya, kuma wa ya shaida.

Tarihinmu ma ya nuna haka. A Yaƙin Duniya na Biyu, Turawan Ingila sun kwashi dubban 'yan Arewa zuwa Boma, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wasu sun tafi da son ransu, wasu kuwa hakimai da dagatai ne suka miƙa su don cika adadin da aka yanka musu. Da aka dawo bayan 1945, waɗanda aka koya wa tuƙi, kanikanci, aikin waya ko jinya sun samu abin yi a gari. Wanda bindiga ko dakon kaya kawai ya sani, yawanci gona ya koma, ko ya kama gadi. Kaki ɗaya suka saka, yaƙi ɗaya suka yi, sana'ar da kowa ya riƙo ce ta raba makomarsu.

Ƙasashen da ake kafa hujja da su ma haka abin yake. A Isra'ila, duk abin da mutum ke ji game da siyasarta, an san cewa tsofaffin sojojin sashen leƙen asiri na 8200 ne suka kafa kamfanonin tsaron kwamfuta da dama, ciki har da Check Point a 1993. Amma tun daga sakandare ake tace waɗannan yaran, a ba su aikin kwamfuta na gaske na tsawon shekaru, sannan su fito su tarar da masu zuba jari na jiran su. Ko a gida, rundunar sojin Najeriya na da cibiya a Oshodi da ke Legas inda take koya wa sojoji masu shirin ritaya sana'o'i. Da zaman bariki kaɗai na wadatarwa, da ba a gina wannan cibiya ba.

Hukumar NYSC ta gane wannan giɓin, shi ya sa ta ɓullo da shirin koyar da sana'o'i na SAED a 2012. Tunani ne mai kyau, amma 'yan kwanakin sansani ba sa mayar da mutum gwani. Daga nan kuma akasarin masu hidimar aji ake tura su, ko da injiniya mutum ya karanta ko aikin gona.

Ga shi kuwa kwarin Rima cike yake da aiki. A Birnin Kebbi aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers a Nuwamban 2015. Akwai kamfanin shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, akwai na WACOT a Argungu. Duk wanda ya shiga fadama lokacin noman rani ya san yawan injinan ban ruwa da ke ruri a wurin, ya kuma san yadda manomi ke shiga tasku idan injinsa ya tsaya shinkafa na tsakiyar neman ruwa. Tsadar fetur ta sa manoma komawa famfon sola, wanda ke buƙatar mai haɗawa da mai gyara. Garin da duniya ta san shi da bikin kamun kifi tun 1934 na buƙatar masu ƙyanƙyasar kifi da masu sarrafa shi.

Don haka shawarata uku ce. Ta farko, a riƙa tura mai hidima inda karatunsa ke da amfani: injiniya ya tafi kamfanin casar shinkafa, wanda ya karanta noma ya bi malaman gona zuwa fadama. Na san makarantunmu na karkara sun dogara da 'yan hidima, to amma maganin ƙarancin malamai shi ne a ɗauki malamai. Ta biyu, koyon sana'a ya ɗauki shekarar gaba ɗaya a hannun ƙwararru, tare da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, a ƙarshe a yi jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, mutum ya fita da takardar da ake karɓa ko'ina. Ta uku, tunda alawus ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000, a buɗe wa mai so hanyar ajiye wani kaso duk wata, gwamnatin jiha ta ɗora masa wani abu a kai ranar sallama, ya sayi kayan aiki.

Akwai kuma waɗanda tsarin bai ma san da su ba. Matashin da ke tuƙa kabu-kabu a Argungu ko yake leburanci a fadama bai taɓa ganin ƙofar jami'a ba, kuma irinsa ne suka fi yawa. Su ne za su cika bariki idan aka kafa dokar tilas. A koya wa dubban irinsu harbi, a sallame su bayan shekara biyu babu sana'a babu jari, a yankin da masu ɗauke da makamai ke neman mabiya da kuɗi a hannu, wannan kasada ce da ya kamata kowane uba ya yi wa tunani da kyau.

Fiye da shekara 50 ke nan muna da hidimar dole. Mu fara gyara ta har ta kai matashi ya karɓi takardar sallama yau, gobe ya san shagon da zai buɗe ko kamfanin da zai nufa. Idan mun iya wannan da waɗanda suka yi karatu, sai mu zauna mu yi zancen sauran.