DARA TA CI GIDA: Wane Wasan Yaƙi Ya Cancanci Kuɗin Ɗalibi?

'Yan'uwa ɗalibai, mun san tun kafin a kai ƙarshen wannan shafi za a sami masu cewa mujallar ƙungiya ta rasa abin bugawa, tunda ga ƙarancin ruwa a ɗakunan kwana, ga tsadar abinci, amma aka ɓata tawada a kan wasa. To, muna roƙon mai wannan ra'ayi ya daure ya zaga ɗakunan kwanan maza da misalin ƙarfe ɗaya na dare, ya ƙidaya fuskokin da hasken waya ya haska, sa'an nan ya tambayi masu fuskokin nan ko nawa suka kashe a wannan zangon karatu wajen gina biranen da babu su a bayan ƙasa. In ya ji amsa, ya dawo mu yi magana.

Mu da muka fito daga Dingyaɗi da ƙauyukan da ke kewaye da ita, tun daga ƙasar Boɗinga har zuwa Shagari, ba baƙin wasan dabara ba ne. Mun tashi mun tarar da dattawa a gindin darbejiya bayan La'asar, an haƙa gurabe talatin a ƙasa, layi biyar, kowane layi gurbi shida, wannan ya riƙe karare goma sha biyu, wancan tsakuwa goma sha biyu. A zuba, a shiga turawa, wanda ya jera uku ya ɗauke ɗaya daga na abokin karawarsa. Abin da muke so a lura da shi a nan shi ne, ko mai gari ne ya zauna da mai yi wa jakinsa ciyawa, sha biyu-sha biyu za su riƙe. Ba mu taɓa jin wanda ya zura hannu aljihu aka ƙara masa na sha uku ba, kuma da wani zai gwada haka, da 'yan kallo sun yi masa dariyar da ba zai sake zama a dandalin ba. Wannan shi ne mudun da za mu auna wasannin kwamfuta da shi, domin ba mu da wanda ya fi shi gaskiya.

Ga wanda bai sani ba, wasannin da muke nufi su ne na dabarun yaƙi waɗanda ba a yin su bi da bi. A dara kana jiran abokin wasa ya tura kafin ka tura. A nan kuwa kowa na motsi a lokaci guda, wanda ya tsaya sosa ƙeya sai ya ɗago ya ga gari na ci da wuta. Dune II na 1992 ne ya share fagen, Warcraft ya biyo baya a 1994, Command & Conquer a 1995, Age of Empires a 1997, StarCraft a 1998. Ana ba ka 'yan talakawa kaɗan da fili. Kai za ka raba su, wasu gona, wasu saran itace, wasu haƙar zinariya, kuma kowane lokaci tambaya guda ce ke gabanka: abin da ya shigo rumbu, a ƙara manoma da shi, ko a ɗauki dakaru? In ka cika noma, maƙwabci ya kwashe ka ba mai tsaron ƙofa. In ka cika dakaru, yunwa ta watsa su. Mai mashi yana maganin mai doki, mai baka yana maganin mai mashi, mai doki kuma in ya cim ma mai baka ya gama da shi, saboda haka wanda bai aika ɗan leƙen asiri ya gano abin da ake shirya masa ba, a makance yake yaƙi. Wannan wasa ne na tattali da hangen nesa, kuma ba ma jin kunyar cewa muna yin sa.

Abin da muke ƙi shi ne jabun da ya cika wayoyinmu. Yana sanye da rigar wancan, ga ganuwa, ga dawaki, ga tutoci, an kuma rubuta masa "kyauta" a goshi. Ka sauke, ka yi kwana uku kana jin daɗi, gini na ƙarewa cikin minti ɗaya. Sannu a hankali sai minti ya koma awa, awa ta koma kwanaki, sai a nuna maka wasu duwatsu masu walƙiya da ake saya da kuɗin gaske, a ce in ka biya yanzu-yanzu ginin zai tsaya. Wannan tsari na sayar da lokacin jira ya bazu ne tun bayan fitowar Clash of Clans a 2012, kuma waɗanda suka kwaikwaye shi daga baya sun wuce gona da iri: kana barci a kai maka hari, sai ka sayi garkuwa, an sa ka cikin ƙawance da mutanen da ba ka taɓa gani ba, suna zunguri kada ka ba su kunya, ga akwatunan sa'a da kake biya ba tare da sanin abin da ke ciki ba. Hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta duba irin waɗannan akwatuna a 2018, ta ce caca ce. Turawa ke nan, waɗanda ba su haramta caca ba sai dai su yi mata lasisi. Mu fa, da muka san hukuncinta tun muna makarantar allo?

Akwai wani ɗan'uwanmu, ba za mu kama sunansa ko sunan wasan ba. Mahaifinsa ya sayar da buhunan gero a lokacin da bai kamata a sayar ba, domin yaro ya ce akwai littattafan da aka wajabta. Littattafan nan ganuwa ce ta mataki na goma sha wani abu. Da aka zo tsakiyar zango, wani mai kuɗi daga wata ƙasa ya rushe ta cikin dare guda, shi kuwa ɗan'uwanmu garin kwaki ya ci har jarrabawa, ba sukari. Ba don tozarci muka kawo labarin ba. Mu ma da muke rubutun nan akwai waɗanda a cikinmu suka taɓa latsa wannan maɓalli, sai dai nasu bai kai buhu ba.

Za a ce kuɗinsa ne, ina ruwanmu. Haba jama'a! Kuɗin wa? Naira 20,000 da asusun NELFUND ya fara ba ɗalibai a wata tun 2024 bashi ne, za a biya shi da gumin goshi bayan an gama bautar ƙasa. Abin da ke zuwa daga gida kuwa kowa ya san daga wace fartanya ya fito. Daɗin daɗawa, tun da aka saki Naira ta nemi darajarta a watan Yunin 2023, duk abin da aka yi wa farashi da Dala ya yi tashin gwauron zabo, sa'an nan a Janairun 2025 hukumar NCC ta yarje wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari. Wasan da ba ya buɗewa sai da data, watau kullum yana cin kuɗi ko ba ka sayi komai ba. Kakanninmu an karɓi harajinsu da jangali da bulala. Mu kuwa da yatsanmu muke miƙawa, har muna godiya.

To, me ya cancanci saye? Mu fara da cewa mafi yawanmu ba ma bukatar sayen komai. StarCraft na asali, wanda a Koriya ta Kudu har tashoshin talabijin aka riƙa nuna gasarsa, ya zama kyauta tun 2017, kuma a ƙarshen wannan shekarar aka buɗe fafatawar StarCraft II ga kowa. A cikinsu ba a sayar da ƙarfi. Wanda ya ci ka, ya fi ka ne. Akwai 0 A.D., wanda 'yan sa-kai suka gina, ba mai karɓar kwabo, yana aiki ba intanet, har da daular Kush ta bakin kogin Nilu a cikinsa. Akwai OpenRA ga mai tsohuwar kwamfutar da ke nishi. Masu cewa ai ana samun kowane wasa a filashi wajen masu fasa kwabri, mu dai mun ga yadda ɗan aji huɗu ke kuka sa'ad da ƙwayar cuta ta haɗiye masa kundin digiri saura mako biyu a miƙa. Tunda ga halal a buɗe, ina dalilin tsallaka katanga?

Wanda kuma ya nace sai ya saya, mu kam Age of Empires II za mu nuna masa, sabon gyaran da aka fitar a 2019. Ana biya sau ɗaya, ya zama naka. A cikinsa akwai Mali da Habasha da Barbar, waɗanda aka fara ƙarawa a 2015, da jerin yaƙoƙin Sunjata, wanda ya kafa daular Mali. Kada a saye shi da cikakken farashi. Kasuwar Steam takan karya farashi wajen ƙarshen Yuni da kuma Disamba, mai haƙuri shi kan dafa dutse. Kafin a biya kuma a duba ƙarfin kwamfuta, domin an sha sayen sirdi ba doki.

Saura wanda ya fi tsaya mana a rai. A watan Agustan 2021 kamfanin Microsoft ya fitar da wani ƙari ga Age of Empires III mai suna The African Royals, aka sa Habashawa da Hausawa cikin al'ummun da mutum zai iya jagoranta. Ba za mu yi ƙarya ba, ranar da muka fara jin dakaru na amsa umarni da harshen Hausa daga cikin na'ura, tsigar jikinmu ta tashi. Ga barade masu lifidi, ga maharban Fulani, ga maroƙa, ga kasuwar dabbobi inda ake sayar da shanu a sami itace ko zinariya. A fili yake waɗanda suka yi aikin sun buɗe littafi. Amma da murna ta lafa sai muka fara tambaya. An ɗauki Sarauniya Amina, wadda duk ɗan firamare ya san ta Zazzau ce, aka ba ta Kano a matsayin babban birni. Wannan mai sauƙi ne. Babbar ita ce yaƙin tarihin da aka sa a ciki game da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da abin da ya faro a 1804, aka raɗa masa sunan da ke nufin faɗuwar Hausa. Wace Hausa ce ta faɗi? Sarakuna ne suka faɗi. Talakawan Hausa da malamansu da yawa suna cikin Jama'a, su ne suka gaji da zaluncin da ake yi musu, kuma ga jikokinsu nan muna rubutu da harshen da aka ce ya faɗi.

Wannan tarihi a ƙofar gidanmu yake. Bayan cin Alƙalawa a 1808, a Sifawa Shehu ya zauna yana karantarwa har ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga. Daga Dingyaɗi ba tafiyar da za a ɗauki guzuri ba ce. Mutanen nan alƙalami ya fi takobi yawa a hannunsu. Malam Abdullahi, jagoran yaƙin Tafkin Kwatto, shi ne kuma wanda daga baya ya ga son duniya ya fara shiga zukatan mayaƙa, ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas da niyyar Makka, sai da mutanen Kano suka tsayar da shi ya rubuta musu littafin Liya'ul Hukkami a kan yadda ake mulki da adalci. Ina maɓallin da za a latsa a ga wannan? Na'ura ba ta san kwamandan da zai juya wa nasara baya don tsoron Allah ba. Abin da ta sani abinci, itace, zinariya, a ƙone birni na gaba. Yaron da ya fara sanin Shehu ta wannan hanya zai ɗauka mai cin ƙasashe ne kawai, irin Napoleon.

Duk da haka ba mu ce a ƙaurace masa ba. A mudun dara ya tsallake: ba a sayar da nasara a cikinsa, Hausawan da ke ciki ba a fifita su ba, ba a kuma nakasa su ba. Mai kwamfuta mai ƙarfi da wurin da zai sauke gigabait masu yawa, ya saya ranar da aka karya farashi, ya buga, ya more. Sai dai in ya kashe na'ura ya hau mota zuwa Gidan Tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato, ya ga abin da aka bari a baya.

Kuma laifin ba na Microsoft kaɗai ba ne. Wanda bai ba da labarinsa ba, wani zai bayar masa, ya kuma sayar masa da shi da Dala. Muna da ɗalibai a sashen nazarin kwamfuta, muna da su a sashen tarihi, suna cin abinci a bukka ɗaya, ba su taɓa zama sun yi wannan magana ba. Age of Empires II yana da wurin da mai wasa zai zana taswirarsa ya tsara yaƙinsa; 0 A.D. kuwa asirinsa duka a buɗe yake ga mai son ya ƙara ko ya rage. Me ya hana a zana Tafkin Kwatto, inda 'yan baka masu ƙarancin dawaki suka karya baraden Gobir masu lifidi, a bar mai wasa ya gane da kansa dalilin da ya sa hakan ta yiwu?

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu, waɗanda ba su taɓa rasa kuɗin buga riguna da kalandar hotunansu ba, su ware ɗaki guda a ginin ƙungiya, su nemo tsofaffin kwamfutoci shida, a haɗa su da waya ɗaya da ɗaya yadda ba sai an sayi data ba, a zuba musu 0 A.D. da OpenRA. A buɗe ɗakin daga yammacin Juma'a zuwa Lahadi, a rufe shi mako uku kafin jarrabawa. A makon ɗalibai a sa gasa tsakanin ɗakunan kwana, har da na mata, amma da sharaɗi guda: ba mai zama gaban na'ura sai ya ci zagayen farko a ƙasa, gurabe talatin, 'ya'ya sha biyu-sha biyu. Alƙalan wannan zagaye mu za mu ɗauko su daga Dingyaɗi, kuɗin motarsu ma mun ɗauke wa ƙungiya.