Bahon Jariri Ko Hatsin Maijego?

 Yau zan faɗi maganar da na san wasu mata ba za su ji daɗinta ba. Wasu maza kuwa za su fara murna tun ba su kai ƙarshe ba. To, kowa ya dakata ya karanta duka.

Bara da kaka, a wani gari cikin ƙasar Gidan Sori, matar ƙanena ta haihu. Haihuwar fari ce. Saura kwana uku suna, sai na ga an buɗe rumbu ana sussuka. Na ce masa, "Ƙane, kuɗin rago ne bai cika ba?" Ya ce, "A'a, Yaya, baho zan sayo a Maradi." Wai an saya wa ƙawar matarsa, ita ma ba za ta yarda a yi mata dariya ranar biki ba. Da marece ya dawo da shi ɗaure bayan babur. Shuɗi ne, dogo kamar kwale-kwale, da ɗan bokitinsa da gidan sabuni. Jika 4 ya biya.

Tunda mun koyi lissafi, mu yi. Jika 4 dala 800 ke nan. In tiyar hatsi tana dala 100, tiya 8 ta fita daga rumbu. Kuma da kaka ta fita, lokacin da hatsi ba ya da daraja. Hatsin nan shi mutum zai koma nema da damina, sa'ad da kuɗinsa ya hau.

Me bahon ya yi? Ranar suna an ajiye shi bakin gado, mata suka shigo suka gani, suka ce madalla. Wankan kuwa Inna ce ta yi. Ta zauna bisa kujera ƴar tsugunno, ta miƙe ƙafafu, ta kwantar da jikanta a kansu, tana ɗibar ruwa daga ƙwarya. Haka ta wanke mu duka. Bahon ya zama ma'ajiyar tsummoki. Da rani ya yi, rana ta cinye robar, ta tsage. Yanzu dussar awaki ake zubawa ciki.

Ga abin da mai kanti ba zai gaya muku ba. A kwanakin farko, jariri ba ya bukatar a tsoma shi cikin ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ake kira OMS, ta ce a jinkirta wankan fari har a yi awa 24 da haihuwa. In hakan ya faskara, a jira ko da awa 6. Dalili shi ne sanyi. Jariri ya fito daga wuri mai ɗumi, jikinsa bai iya riƙe zafi ba tukuna. Ku tuna asubar hunturu a garuruwanmu na bakin Gulbin Maradi, babba ma haƙoransa kaɗawa suke. Sai a shanye jikin jariri da zane mai tsabta, a ɗora shi a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a rufe su tare, a sa masa hula, ya kama nono. Farin maiƙon nan da yake zuwa da shi ba ƙazanta ba ne. Fatarsa yake karewa.

Sai cibiya. Takan yi mako ɗaya zuwa biyu kafin ta faɗi, kuma bushewa take so. Ta nan cuta ke samun ƙofa. Toka, kashin shanu, ƙasar bango, man goge haƙori, duk kada a sa. Ta irin wannan hanya ake ɗaukar ciwon da ke sandarar da jariri, bakinsa ya sarƙe ya kasa tsotso. Malaman likita suna kiransa tetanos. Akwai maganin shafawa da aka yi domin cibiya, sunansa kulorhegzidin. Ku tambaya a likita. Duk wannan, ina aikin baho a ciki?

Na san amsar mata, kuma tana da ƙarfi. Za su ce, "Malam, so kake mu wanke ɗan kwana bakwai a robar da ake wanke tukwane, ake jiƙa wanki, kaji na sa baki?" A'a, Allah ya kiyaye. Kun yi gaskiya, iyayena. Jariri ya cancanci mazubinsa shi kaɗai. Amma mazubi ba sai mai siffar kwale-kwale ba. Roba ce mai faɗi, ko daro, ko sabuwar ƙwarya. A ware masa ita, a wanke da sabuni, a kife ta cikin ɗaki. In yaro ya girma, robar ta shiga aikin gida. Baho kuwa, wata nawa ne ya yi masa kaɗan? Kuma ko da wane mazubi ne, a taɓa ruwan da gwiwar hannu kafin a zuba masa. Ruwan da maijego ke wanka da shi zai sale fatar jariri. Kada kuma a bar shi cikin ruwa a je duba tukunya, ko a bar wa yayarsa ƴar shekara biyar tsaronsa. Ruwan da bai kai tsawon yatsa ba ya isa ya halaka shi.

Wanda Allah ya hore wa, rumbunsa cike, awakinsa a turke, ya sayi bahonsa. Ba ni da magana da shi. Faɗana da wanda zai ci bashi ne, ko ya taɓa cimakar gida, don kada a ce. Su wa za su ce? Matan da suka zo biki sun ci tuwo sun watse kafin la'asar. Ba ɗayansu da za ta dawo cikin watan Agusta ta tambaye ku ko akwai abin dakawa.

Yanzu ku maza da kuke murmushi, na iso gare ku. Ban ce ku mai da jika 4 aljihu ku tafi teburin mai shayi ba. Kuɗin na maijego ne da ɗanta. Mace mai shayarwa tana son kunu, da wake, da zogale, da ɗan nama ko ƙwai. Tana son itacen dafa ruwa, ba ta fita da ɗanyen jiki ta nemo ba. Ana son sabuni domin duk mai ɗaukar jariri ya wanke hannu. Ana son sange, a ɗaura shi kowane dare. In haihuwa ta zo a gida ba shiri, ana son sabuwar reza da zare mai tsabta a hannun ungozoma. Gara dai a haihu a likita.

Sauran kuɗin, a ƙulle su a bakin zane, kada a taɓa. OMS ta ce cikin jarirai 4 da ke rasuwa a watan farko, wajen 3 a makon farko suke tafiya. Wato kafin suna, ko ranar sunan. In jariri ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi, ko ya yi sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko yana fizge-fizge, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ba a jiran gari ya waye. A shekarar 2006 gwamnatin Nijar ta sa dokar duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta. Amma dokar ba ta zuba wa mai babur mai. In an ce a wuce da yaro babbar likita ta Gidan Rumji ko Maradi, kuɗin mota daga aljihunku zai fito. Wani lokaci kuma a rubuta magani a ce ku sayo waje.

Ƙanena ya ga wannan da idonsa. Kwana biyu bayan suna, cikin dare, yaron ya daina tsotso. Ba ko dala a ɗakin. Sai da ya buga ƙofa uku kafin ya sami rancen kuɗin mai. Allah ya sa an kai shi da wuri, aka yi masa allurai, ya tashi. Ga shi nan yanzu yana rarrafe, yana jan wutsiyar akuya. Bashin kuwa, sai da aka sake buɗe rumbu aka biya shi.