Taba na kashe yawun baki, kuma a Tambuwal da Kebbe likitan haƙori na da nisa

Duk wanda ya tsaya a teburin mai shayi a tashar Tambuwal, ko ya ratsa kasuwar Dogon Daji, ya san yadda ake cinikin taba. Ba mai neman kwali, sai dai a ce "ba ni kara ɗaya", a kunna nan take. Dattawa kuma da garin tabarsu a ɗan gwangwani, a ɗibi kaɗan a cusa tsakanin leɓe da dasashi. Idan ana maganar illar taba, huhu ake kawowa. Mu yau bakin muke so a duba, domin nan ne ɓarnar take farawa.

Bakin baligi mai lafiya yana samar da yawu tsakanin rabin lita zuwa lita 1.5 a kullum. Kusan kashi 99 cikin 100 ruwa ne, amma ɗan ragowar nan shi ne mai aikin. A cikinsa akwai sinadarin da ke kashe tsamin da ƙwayoyin cuta ke fitarwa bayan an sha shayi mai sukari, da ma'adinan da ke mayar wa haƙori abin da tsami ya zaizaye, da kuma sinadaran garkuwar jiki masu hana ƙwayoyin cuta maƙalewa. Yawu mai gadi ne da ba a biyansa albashi, kuma taba shi take fara kwantarwa.

Mashayi zai ce ai taba tana kawo masa yawu. Gaskiya ne, da farko. Amma shekara da shekaru ana zuƙa, yawun yakan ragu, ya yi kauri, baki ya riƙa bushewa. Hayaƙin sigari na ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kusan 70 daga ciki masu jawo ciwon daji ne, kuma wasunsu suna narkewa a cikin yawun, su lalata sinadaran kariyar da ke ciki. Ga zafin Afrilu da ke wuce maki 40 a ƙasar Sakkwato, ga bushewar hunturu. Daga nan sai ruɓewar haƙori da warin baki da gyambon da ba ya saurin warkewa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda nikotin ke ɓoye cutar. Yana matse ƙananan jijiyoyin jini na dasashi, don haka mashayi zai goga asuwaki bai ga jini ba, ya ɗauka lafiyarsa ƙalau, alhali cuta tana cin ƙashin da ke riƙe da haƙorin. Sai ranar da haƙori ya fara girgiɗa. Har ma wanda ya daina sha yakan ga dasashinsa ya fara jini, ya tsorata ya koma. Wannan jinin alama ce jijiyoyin sun saki, asuwaki da ganin ma'aikacin lafiya yake buƙata.

Masu garin taba ma ba su tsira ba. An gano aƙalla sinadarai 28 masu jawo ciwon daji a tabar da ba a ƙonawa, kuma kanwar da ake haɗa ta da ita tana sa nikotin ya fi saurin shiga jini. Wurin da ake ajiye ta kullum, nan dasashi ke janyewa, nan kuma farin tabo yakan fito. Iyayenmu mata masu rina haƙora da furen taba da goro su ma su riƙa duba bakinsu.

Sakkwato ta san abin da ciwon baki ke iya yi. A nan aka buɗe Asibitin Noma a 1999 domin masu fama da ciwon noma, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su a Disamba 2023. Ba taba ke kawo noma ba, amma jihar da ta ga wannan bai kamata ta raina lafiyar baki ba. Mutumin Kuchi a Kebbe ko Jabo a Tambuwal da ke neman ƙwararren likitan haƙori sau da yawa sai ya shiga mota zuwa birni, wasu har Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, kuma da yawa ba sa tashi sai fuska ta kumbura.

Doka kuwa akwai ta. Dokar Taƙaita Shan Taba ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Wa ke aiwatar da ita a tasha? Muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe su zauna da sarakunan kasuwa da shugabannin tasha a kan wannan, Ma'aikatar Lafiya ta jiha kuma ta horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani su riƙa leƙa bakin duk mai shan taba da ya zo, ko da zazzaɓi ya kawo shi. Limamai da hakimai su sa baki.

Kai kuma mai karatu, in kana da gyambo ko farin tabo a baki da ya wuce mako 2 bai warke ba, ka je asibiti a wannan makon.