Wa Ya Kira Ruwan Da Ke Dukan Kasuwar Dole?

Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To, a wannan zamani mun ga tsuntsun da yake jan ruwa ya tashi ya ƙetare teku, ya bar mu da duka. Duk mai rumfa a Kasuwar Dole ta Damagaram, da mai kasa tattasai, da mai sayar da kifi banda, ya ɗanɗani wannan duka ko da bai san daga ina hadarin ya taso ba. Mu a wannan jarida muna ganin ya taso ne daga manufofin Amurka da ƙawayenta.

Mu fara da abin da ya taɓa sunan ƙasarmu. A watan Janairun 2003 Shugaba George Bush ya tsaya gaban majalisar ƙasarsa ya ce Saddam Husaini ya nemi sayen yuraniyom daga Afirka. Nijar ake nufi. Alhali tun a 2002 Amurka ta turo tsohon jakada Joseph Wilson zuwa Yamai, ya bincika, ya koma ya ce bai ga hujja ba. A watan Maris na 2003 hukumar kula da makamashin nukiliya ta duniya ta bayyana cewa takardun jabu ne. Duk da haka a cikin watan nan aka auka wa Iraƙi. Aka rusa sojojinta, aka sallami ma'aikata, ƙasa ta zama kango. A cikin wannan kango ne aka ƙyanƙyashe ƙungiyar da daga baya ta zama Daesh, kuma ita ce Boko Haram ta yi wa mubaya'a a watan Maris na 2015. Wato ƙaryar da aka yi da sunanmu ta zagaya duniya ta dawo mana ta tafkin Chadi.

Sai kuma Libiya, wadda ta fi kusa da tukunyarmu. Hulɗar Damagaram da Tarabulus ba ta yau ba ce. Tun zamanin Sarki Tanimun ayarin raƙuma ke sauka a Zango, kuma har zuwa 2011 da wuya a sami ƙauye a yankin Tanut ko Gure da ba shi da ɗan cirani a can. Kuɗin da suke aikowa shi ne jarin matan da ke tuyar ƙosai, shi ne kuɗin adashi, shi ne ragon suna. Shugaba Mahamadu Isufu ya sha faɗa cewa a taron Deauville na watan Mayun 2011 ya gargaɗi manyan ƙasashe kada su mai da Libiya wata Somaliya. Ba a saurare shi ba. Jiragen NATO, da Amurka da Faransa da Ingila a gaba, suka ci gaba da ruwan bama-bamai har aka kashe Gaddafi a watan Oktoba. Ba muna cewa Gaddafi waliyyi ba ne. Amma wanda zai rushe katangar maƙwabci ya kamata ya tambayi waɗanda ke kwana a gindinta.

Me ya biyo baya? 'Yan Nijar sama da 200,000 suka dawo gida, da yawansu hannu biyu. Rumbunan makaman Gaddafi suka zama na kowa. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun 'yan bindiga. Ran 23 ga Mayun 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake a barikin soja na Agadas da ma'adinar Arlit. Shi kansa Shugaba Obama ya amsa a 2016 cewa rashin shirya abin da zai biyo bayan Gaddafi shi ne babban kuskuren mulkinsa. Shi ya ce kuskure. Ba mu ji an biya ko mutum ɗaya diyya ba.

Iyayenmu mata masu sana'ar cefane sun fi kowa sanin abin da ya faru da Difa. Bayan harin Boso da Difa a watan Fabrairun 2015 an kafa dokar ta-ɓaci, an hana hawa babur, an hana cinikin tattasai da na kifi, wai don kada kuɗin ya shiga hannun Boko Haram. An kwashe mutane daga tsibiran tafki. Motocin da ke bin hanyar Gure zuwa Damagaram cike da buhunan jan tattasan Komadugu suka ragu, direba da ɗan dako da dillali suka zauna. An sassauta dokar daga baya, amma mai ƙaramin jari da ya cinye jarinsa a waɗannan shekaru, wa ya mayar masa?

Maganin da Amurka ta kawo mana shi ne sansani. Ta gina na jirage marasa matuƙa a Agadas da sama da dala miliyan 100, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta kasuwa ba. Ya fara aiki a ƙarshen 2019. A watan Disamban wannan shekara aka kashe sojojinmu 71 a Inates, a Janairun 2020 aka kashe 89 a Shinagodar. Jirgin da ake cewa yana ganin allura daga sama bai hana ɗaruruwan babura isa barikokin nan ba. Ku auna da kanku rijiyoyi nawa wannan kuɗi zai haƙa a birnin da mata ke kwana a layin famfo da jarkoki duk bazara.

Kada kuma mu yaudari kanmu. Ba Ba'amurke ne ke ɗaura bam ya shiga masallaci ba, kuma ba Washington ce ta bar samarin Kara-Kara ba makaranta ba sana'a har suka koma zaman fale. Wannan laifinmu ne da na shugabanninmu. Sojojin Faransa sun fita a 2023, na Amurka sun fita a 2024, masu horaswa na Rasha sun iso a Afrilun 2024, amma a watan Maris na 2025 an kashe masallata 44 a Fambita ta jihar Tilaberi. Sauya uban gida bai kashe wutar ba, domin itacenta na nan: matashi marar aikin yi, iyaka marar tsaro, da bindiga mai arha.

Don haka muke kira ga shugabannin 'yan kasuwa na Damagaram da shugabannin mata masu adashi da su daina ɗaukar maganar tsaro a matsayin ta soja da 'yan boko kaɗai. Duk lokacin da za a hana wata sana'a ko a rufe wata hanya da sunan yaƙi da ta'addanci, ku nemi a zauna da ku kafin a sa hannu, ku tambayi wata nawa dokar za ta yi, da abin da aka tanadar wa wanda za ta tsayar wa ciniki. Duk wata yarjejeniyar soja da wata babbar ƙasa, ko wace ce, ku nemi a karanta ta da Hausa a gidan rediyo. Muna kuma roƙon fadar Mai Martaba Sarkin Damagaram ta kira irin wannan zama, ta gayyato har da masu sayar da tattasai da direbobin hanyar Difa.