LAFIYAR IYALI: Kanwa a Tukunya, Kanwa a Jiki

Kowace uwargida daga Funtua har Malumfashi ta san aikin kanwa. In miyar yakuwa ta yi tsami, sai a jefa 'yar kanwa. In wake ya ƙi nuna, kanwa ce maganinsa. To, me take yi a tukunya? Me kuma take yi in ta shiga jiki? Abin da za mu duba ke nan a watan nan.

Ga wani gwaji da yara za su ji daɗinsa. A zuba zoɓo a kofi biyu. A matsa lemun tsami a na fari, jan zai ƙara haske. A zuba ruwan kanwa a na biyu, zai rine ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu. Sa'an nan a matsa lemun a kan gutsuren kanwa, za a ga kumfa ta taso.

Dalili kuwa shi ne, akwai dangin tsami, kamar lemu da tsamiya da nono, akwai kuma dangin kanwa, kamar toka da sabulu. Abu mai tsami yakan saki wasu 'yan ƙwayoyi cikin ruwa, ana kiransu haidirojin. Kanwa kuwa kama su take yi. Idan suka gamu sai su kashe ƙarfin juna, a sami ruwa da wani irin gishiri da iska. Iskar ita ce kumfar nan, ita ce kuma irin wadda muke fitarwa in mun yi numfashi.

A 1909 wani masani na ƙasar Danmak, Sorensen, ya fito da ma'aunin tsami, wato pH. Ruwa tsarkakakke yana kan 7. Ƙasa da 7 tsami ne, sama da 7 dangin kanwa ne. Lemun tsami yana wajen 2, ruwan kanwa yana wajen 10.

Jinin mutum fa? Kullum yana tsakanin 7.35 da 7.45. Ko an sha kunun tsamiya, ko an yini ana huɗa a gonar masara, da ƙyar yakan gusa. Gama a cikin jini akwai wani mai sulhu da ake kira baikabonet. In tsami ya yi yawa, sai ya kama shi ya mai da shi iska, huhu ya fitar. In ɓangaren kanwa ya yi yawa, sai ƙoda ta zubar cikin fitsari. Ashe jiki yana da tasa kanwar daidai awo, ba ya jiran ta kasuwa.

Ga inda haɗarin yake. Kanwa cike take da sodiyam, abin nan da ke cikin gishiri. Kun ga yadda gishiri yake jiƙewa da damina? Haka yake a jiki: inda sodiyam ya taru, ruwa yakan bi shi. Jini ya ƙaru, zuciya ta yi ta turin kayan da ya fi ƙarfinta.

A 1974 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry da abokiyar aikinsu, suka ba da rahoton mata 224 da ciwon zuciya ya kama wajen haihuwa. Suka ga ciwon ya fi yawa a kewayen Zariya da Malumfashi, inda aka fi ƙarfafa wankan jego da kwanciya a gado mai wuta da shan kunun kanwa. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye da abokan aikinsa a Kano suka nuna ba kanwa kaɗai ke da laifi ba. A 2015 sun tarar yawancin masu ciwon suna da ƙarancin wani sinadari, seleniyam. Duk da haka, zuciyar da ta riga ta raunana ba ta bukatar ƙarin kaya.

Saboda haka, ya ku iyaye mata da ungozomomi:

1. 'Yar kanwar miya ba laifi ba ce. Amma kada a cika wa mai jego kunu da ita har kwana arba'in.
2. Mai hawan jini, ko wadda ƙafafunta suka kumbura da ciki, ta bar kunun kanwa sam.
3. A ba ta kunun gyaɗa, wake, ƙwai, kifi da ganye, da ruwa mai tsabta. Su ne masu gina jiki.
4. In ta soma haki, ko tari da dare, ko kumburi, ko ta kasa kwanciya sai a zaune, a kai ta asibiti ran nan. Kada a ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara mata kanwa.

Maigida, kai ma da hannunka a ciki. Ka yi magana da tsofaffi cikin ladabi tun kafin ranar haihuwa, gama rigakafi ya fi magani.

Wata mai zuwa za mu duba ruwan gishiri da sukari, da abin da zawo yake yi wa jinin yaro.