Dogon Hutu: Amanar 'Ya'yanmu Tana Wuyanmu



'Yan'uwa iyaye, dogon hutun makarantu ya sake zagayowa, kuma tambayar da ke bakin magidanta ita ce: shin mu bar yara su tafi zaman horo na hutu, ko mu tsare su a gida?

Wannan fargaba tana da dalili. Ba mu manta da 'yan matan Chibok 276 da aka sace a 2014 ba, ko ɗalibai fiye da 300 na Ƙanƙara a Disambar 2020, ko 'yan mata 279 na Jangebe a Fabrairun 2021. A Tegina, cikin Mayun 2021, 'yan Islamiyya aka kwashe da rana tsaka, suka shafe kusan wata uku a daji. A Kuriga ma, cikin Maris na 2024, da safe aka shiga makaranta. Wannan ya nuna cewa haɗarin bai tsaya ga makarantun kwana ba. Duk inda aka tara yara a gefen daji ba tare da tsaro ba, an kai su bakin kura.

To amma zaman gida ma yana da nasa haɗarin. Yaron da ya yi makonni babu karatu babu sana'a, wayar hannu da majalisar bakin titi su ne malamansa, kuma a nan ake koyon shaye-shaye da sara-suka. Saboda haka ba mu goyon bayan a watsar da irin wannan taro. Ƙungiyar Ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, ta daɗe tana shirya shi, kuma da yawa daga cikinmu a can muka koyi tashi sallar Asuba cikin jam'i da zama da ɗan'uwan da ba yarenmu ɗaya ba.

Kiranmu ga masu shiryawa shi ne su zaɓi wuri a tsakiyar gari, mai katanga da masu gadi, su sanar da hukuma. Inda tsaro ya yi rauni, a rarraba taron unguwa-unguwa, yara su koma gida kafin Magariba. A haramta tafiyar dare. 'Yan mata su kasance ƙarƙashin kulawar malamai mata. Tunda damina ce, a tanadi gidan sauro da ruwa mai tsabta. A kuma sassauta kuɗi, domin tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota kaɗai ya isa ya hana ɗan talaka zuwa.

Ku kuma iyaye, kada uba ya sallami ɗansa sai ya taka da ƙafarsa ya ga wurin, ya san wanda zai damƙa wa amana. Kuma lalle mu sani, horon mako ɗaya ba zai gyara sakacin shekara ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a gida ake wannan aiki. Uba ya dawo da wuri, ya ci tuwo da 'ya'yansa, ya saurari karatunsu, ya san abokansu, kada ya bar wa uwa nauyin ita kaɗai. Gobe Ƙiyama mu za a tambaya.

Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.