Gadar Sama Ba Ta Maganin Cunkoso

A 'yan shekarun nan, duk gwamnan da ya zo Kano sai ya bar gadar da za a tuna da shi. Kwankwaso ya yi ta Ƙofar Nasarawa, Ganduje ya yi ta Dangi da ta Hotoro, gwamnati mai ci ta kama Ɗan Agundi da Tal'udu. Mu kuwa sai tafi. Abin da ya zauna a zukatan jama'a shi ne ƙarancin titi ke kawo cunkoso, maganinsa kuma siminti da rodi. Wannan kuskure ne, kuma mai tsada.

Sabon titi kiran mota yake yi. Da hanya ta buɗe, wanda ya saba shiga haya sai ya fito da tasa, wanda ba shi da ita ya ci bashi ya saya. Gadar kuwa ɗauke cunkoson take daga wannan shataletale ta sauke shi a na gaba. Birnin Houston na Amurka ya faɗaɗa babbar hanyar Katy a 2008, ba a jima ba ta sake cushewa. Seoul ta Koriya ta Kudu ta bi akasin haka: a 2003 ta rushe titin saman Cheonggyecheon, daga baya ta gyara tsarin bas, birnin bai tsaya ba.

Wa ake gina wa gadojin nan? Mafi yawan Kanawa ba su da mota. Adaidaita Sahu suke hawa, ko keke, ko su taka sayyada. Amma da hanya ta toshe, abin hawan talaka ake tuhuma. A 2022 har an yi yunƙurin korar Adaidaita daga wasu manyan tituna. Ba wanda ya tanka wa mai jibgegiyar jif da ke tafe shi kaɗai, ko wanda ya kafe motarsa yini guda a bakin Kantin Kwari, ya cinye rabin titi kyauta.

Singafo ta daɗe da gane haka. Tun 1990 ba a yi wa mota rajista sai da takardar izini ta shekara goma, wadda ake saye ta hanyar gwanjo, kuma gwamnati ke ƙayyade adadinta. Sai dai ta tanadi bas da jirgin ƙasa da mutum zai dogara da su. Ko nan gida, Legas ta keɓe wa bas layinsa tun 2008.

Za a ce wannan takura ce, kowa da haƙƙin more dukiyarsa. To, titi ba dukiyar mutum ɗaya ba ce. Kuma mun ga takura ta gaske a Mayun 2023: da aka cire tallafin mai, ma'aikata da yawa suka jingine motocinsu, suka tarar babu wadataccen bas da zai kwashe su.

Kuɗin gada ɗaya zai sayi bas masu yawa. A keɓe musu layi a titunan Zariya, Katsina da Haɗeja. A sa kuɗin ajiye mota a kewayen kasuwanni, a ɗora haraji mai nauyi kan mota ta biyu da ta uku, a zuba kuɗin a sufurin jama'a. A yi wa mai keke da mai ƙafa hanya mai inuwa. Ɗan takarar da ya zo da alkawarin wata gada, a tambaye shi: mu marasa mota, da me za mu hau ta?